Zobe, alama ko suna zalla: zaɓen tambarin makarantar karate, taekwondo da dambe

Malamin da ya buɗe wurin koyar da taekwondo, karate, judo ko dambe ba ya yin wata guda sai an tambaye shi tambari. Tela yana so saboda rigunan yara, mai buga takardu yana so saboda takardar shaidar ɗamara, mai allon ƙofa ma yana jira. A nan ake yin gaggawa. A shiga shagon kwamfuta, a ce wa yaron shago ya haɗa abu mai kyau, shi kuma ya ɗauko damisa daga intanet, ya ƙara mutum yana shuri, da tuta, da taurari, da taken makaranta a kewaye. A fuskar kwamfuta abin gwanin sha'awa. Ranar da aka kai wa mai injin monogiram, wato injin surfani, sai damisar ta koma dunƙulen zare, taken kuma ko da gilashi ba ya karantuwa.

Tambarin irin wannan makaranta wurare biyar yake zama: ƙirjin riga, hoton WhatsApp da Facebook, hatimi, takardar shaida, da allon ƙofa. Uku daga ciki ƙanana ne ƙwarai. Bajin ƙirji santimita 8 zuwa 10 ne, hatimi wajen santimita 4, hoton WhatsApp kuwa a jerin saƙonni bai wuce farcen yatsa ba. Saboda haka, malam, daga ƙirjin riga za ka fara zaɓe. Abin da ya fita fes a zare zai fita a allo, amma abin da ya yi kyau a allo babu tabbas zai tsira a zare.

Siffofi uku ne a gabanka: zobe mai rubutu a kewaye da zane a tsakiya, alama guda da ake ajiye suna a gefenta, ko suna zalla da aka gyara haruffansa.

Zobe

Shi ne wanda aka fi sabawa da shi, kuma ba banza ba. Ana yin bajin daban, da yawa lokaci guda, a ajiye a akwati, duk ɗalibin da ya shigo kowane tela zai iya ɗinka masa. Siffarsa ta dace da hatimi, ta dace da yankan da'ira da WhatsApp ke yi wa hoto. Iyaye kuma in suka gan shi sukan ji cewa wuri ne mai tsari.

Matsalar zobe lissafi ne. Injin monogiram ba ya fitar da harafi mai tsabta in tsayinsa ya gaza milimita 5 zuwa 6, domin allura da zare suna da kauri. Cikin harafi kamar a, e da o sai ya toshe. Haka layin da bai kai milimita 1 ba yakan nutse cikin yadi. To ɗauki baji mai faɗin santimita 9. Layin da rubutu ke bi yana da faɗin kusan santimita 7.5, kewayensa ya kama santimita 23 da rabi. In kowane harafi da ratarsa ya ci milimita 6, gurbin haruffa 39 ke nan a duk zoben. Cire guraben da ke tsakanin kalmomi da ɗigo biyu masu raba sama da ƙasa, abin da ya rage talatin da 'yan kai ne. Sunan makaranta a sama, sunan gari a ƙasa, wuri ya ƙare. Take, shekarar kafawa, lambar waya, duk ba su da masauki, kuma wanda ya tilasta su shiga sai ya ƙanƙanta haruffa, shi ne mafarin lalacewar baji. Tsakiya kuwa bayan an cire baki da zoben rubutu, kusan santimita 6 ce ta rage. Zane guda take ɗauka. Damisa da mai shuri da takobi ba za su zauna tare a santimita 6 ba.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: rubutun ƙasan zobe dole a juya shi ya karantu daga hagu zuwa dama ba tare da mai karatu ya kifa kai ba. Masu zane da yawa sukan bar shi ya bi da'irar yadda ya fara daga sama, sai sunan garin ya fito kife.

In an rage zobe zuwa hoton waya, rubutun ya tafi gaba ɗaya. Abin da ke tsakiya kaɗai ake gani. Ke nan ko zobe ka zaɓa, ƙarfinsa yana ga zanen tsakiya, kuma wannan ya kawo mu ga siffa ta biyu.

Alama

Dubi manyan gidajen wannan fanni. Kodokan, gidan judo da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882, alamarsa jan ɗigo ne a cikin farar siffa mai kunnuwa takwas. Ƙungiyar karate ta Japan, JKA, jar da'ira ce cikin fara. Iyalan Gracie na Brazil, masu kokawar jiu-jitsu, alwatika suka riƙe. Ƙungiyar karate ta Goju-kai dunƙulen hannu. Ko damisar salon karate na Shotokan da ake ta kwaikwayo, wadda mai zane Hoan Kosugi ya yi wa Gichin Funakoshi, jagoran wannan salo, ba hoton damisa ba ne mai gashi da inuwa. 'Yan layuka ne masu kauri a cikin da'ira. Kusan dukkansu yaro zai iya zana su a ƙasa da tsinke, kuma wannan gwaji ne mai kyau ga taka alamar.

Ribar alama ita ce ba ta jin ƙanƙanta. Tana shiga bakin ɗamara, gaban hula, lambar yabo, hatimi, launi ɗaya ya ishe ta. Rauninta kuma, ranar farko ba ta faɗa wa kowa komai. Kodokan ya shafe shekaru masu yawa yana koya wa duniya alamarsa, kai kuwa jiya ka buɗe. Don haka alama tana tafiya da tsari biyu aƙalla: ita kaɗai don ƙananan wurare, da ita tare da suna don allo da takarda. Wannan ƙarin aiki ne ga mai zane, kuma ƙarin kuɗi ne.

Wace alama? Nan ya kamata a zauna a yi tunani.

Inuwar mutum yana shuri ita ce ta farko da ke zuwa a rai, ita ce kuma muke ba da shawarar a guje wa. Kowace makaranta tana da irinta, don haka ba ta bambanta ka da kowa. Ƙafar da ke miƙe siririya ce, zare ba ya sonta. Waɗanda ake ɗaukowa daga intanet kuma sukan cakuɗa fannoni: rigar karate haɗe-gaba ce mai ninkawa, dobok, wato rigar gasar taekwondo, kuwa ta wuya ake sawa, wuyanta mai siffar V. Makarantar taekwondo da ta sa mai rigar karate a bajinta, duk wanda ya san abin zai gane da kallo ɗaya. Sannan a garuruwanmu yaro yakan tashi daga atisaye ya shiga sahun sallar la'asar ko magariba da rigar a jikinsa, kuma akwai iyayen da ba sa son hoton mai rai a tufafin da ake salla da shi. Ba dalilin rasa ɗalibi saboda zane.

Haka nan kada a sa aya ko sunan Allah a baji. Rigar nan ana kayar da mai ita ƙasa, ana takawa, tana shan gumi, ana shiga banɗaki da ita. In ana son addu'a, wurinta bangon ɗakin horo ko saman takardar shaida.

Gidan dambe yana da gata a nan, domin kayan sana'arsa siffofi ne masu ƙarfi. Hannun da aka ɗaure da zare dunƙule ne da ake ganewa daga nesa, muddin an zana zaren zagaye biyar ko shida masu kauri a maimakon ashirin sirara. Kalangu ma siffarsa mai tsukakken ƙugu tana fita da launi ɗaya. Igiyoyinsa huɗu ko biyar sun isa. Mashi da garkuwa suna da ma'ana ga dambe, tunda haka hannuwan biyu suke aiki, ɗaya na kisa ɗaya na kariya, sai dai siffa ce da ƙungiyoyin tsaro da na sintiri suka cika amfani da ita, ana iya ruɗewa. Abin kiyayewa guda: in gidan yana karɓar 'yan Arewa, 'yan Kudu da 'yan Guramaɗa, kada alamar ko launinta su jingina ga ɓangare ɗaya.

Dagin Arewa fa? Yana faɗin asali nan take, amma yana jikin ƙofar gida, kwalin shayi, bankuna da ƙungiyoyi ba adadi. Shi kaɗai ba zai ce nan makarantar faɗa ce ba. Saƙar layukansa kuma tana buƙatar fili. In ya gaza santimita 3 ramukansa sukan toshe a zare. Wanda ya nace, ya mai da shi ƙaramin ado a takardar shaida.

Aro daga Asiya yana buƙatar taka-tsantsan. Taekwondo na Koriya ne, karate da judo na Japan, kungfu na Sin, rubutunsu kuma ba ɗaya ba ne. Kada a sa harafin da ba a sami mai karanta shi ya tabbatar ba, kuma a duba cewa ba a juya shi ba wajen bugu. Alama ma tana iya nufin wani abu dabam a wani wuri: Shorinji Kempo ta daɗe tana amfani da manji, alamar addinin Buddha, amma saboda kamarta da ta 'yan Nazi a idon mutanen Turai, ta sauya tambari a 2005.

Suna zalla

Wannan shi ne mafi sauƙin kuɗi kuma mafi ƙarfi a allon ƙofa, bayan riga, da ƙafar wando. Ga ɗan dambe, wanda ba ya shiga fili da riga, ƙafar gajeren wando da bandejin ƙugu su ne kawai wurin rubutu, suna gajere mai kauri kuma ya fi komai fita a bidiyon waya. Ya dace da makarantar da sunanta kalma ɗaya ce ko biyu, haruffa goma ko ƙasa. Suna mai tsawo in an sa shi a da'irar WhatsApp, ko dai a yanke gefensa ko ya ƙanƙance ya ɓace.

Masu dogon suna sukan koma ga haruffan farko. A karanta su da baki, a Hausa da Turanci da Faransanci in ana kusa da iyaka, kafin a buga. Hukumar taekwondo ta duniya, da aka kafa a 1973, ta yi shekara 44 da gajeren suna WTF, sai a 2017 ta koma World Taekwondo, domin haruffan uku sun zama gajeren wata ashariya ta Turanci a intanet.

Sai batun haruffanmu masu ƙugiya. Yawancin salon rubutu na ado ba su da ƙ, ɗ, ɓ. In ka rubuta Ƙarfi ko Ɗamara, kwamfuta sai ta aro harafin daga wani salon, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ta sa akwati babu komai. Mafita biyu ce: a zaɓi salo mai ɗauke da su tun asali, irin Noto Sans ko Andika, ko mai zane ya zana ƙugiyar da hannu da kauri daidai da jikin harafin. A zare, ƙugiyar tana buƙatar harafi mai tsayin milimita 7 zuwa 8 kafin ta fito, in ba haka ba ƙ ta koma k. Ajami yana ƙara wa suna kwarjini, amma wasu manhajojin zane sukan raba haruffan Larabci ko su jera su daga hagu. A ba malamin da ya iya ya duba kafin a mai da rubutun zane. Salon nan da ke kwaikwayon bugun burushin Sinawa da haruffan boko, a bar shi. Wuyar karatu gare shi, kuma bakinsa masu tsini ba sa fita a zare.

To wanne?

Makarantar yara ta taekwondo, karate ko judo, inda kowa ke sa farar riga: alama mai sauƙi, sannan a sa ta a tsakiyar zobe don baji da hatimi. Wato a fara da alama, zobe ya zama rigarta. Gidan dambe ko na kokawa, da wurin horon manya da ke sa singileti da gajeren wando: suna gajere mai kauri, da alama ɗaya a gefe. Zobe mai cike da zane daga farko, ba mu ga makarantar da ya dace da ita ba.

Masu zuwa gasa su sani cewa ƙirjin hagu ba nasu ba ne kullum. A dokar hukumar karate ta duniya, WKF, wurin alamar ƙasa ne, kuma kada ta wuce santimita 12 da 8. Judo da taekwondo ma suna da nasu ƙa'idojin. Ɗalibin da ke burin bin sawun Abdoul Razak Issoufou Alfaga, ɗan taekwondo na Nijar, da ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016 da zinare a gasar duniya a 2017, zai buƙaci rigar gasa daban. Baji da ake ɗinkawa ana iya farke shi. Surfanin da aka yi kai tsaye a yadi in an farke yakan bar huji.

Launi, yadi da bugu

Launi biyu, in ya yi yawa uku. A bugun sikirin kowane launi da nasa allon, kowane allo da kuɗinsa. Launin da ke narkewa cikin wani, da inuwa, da ƙyalli, zare ba ya yin su. Ja da shuɗi su ne launin ɓangarori biyu a gasar taekwondo da karate, shi ya sa kusan kowa ke ɗaukarsu. Wanda ya ɗauki baƙi da ruwan goro, ko kore mai duhu da fari, ya fita daban. Ruwan ɗorawa a kan farar riga ba ya ganuwa sai an kewaye shi da baƙi. Ruwan zinare a kwamfuta yana walƙiya, a firinta yakan fito ruwan ƙasa. Fuskar kwamfuta da tsarin launi na RGB take aiki, injin bugu da na CMYK, shuɗi mai haske da kore mai haske su ne suka fi dushewa wajen sauyin. A sa mai zane ya rubuta lambobin kowane launi a tsarin biyu, a kuma zaɓi zare da ido daga katin zare na mai inji, a rubuta lambarsa.

Dobok yadinsa marar nauyi ne, surfani mai yawan ɗinki yakan tattare shi, don haka baji ya fi. Rigar judo kauri gare ta kuma ana fizgarta, bugun manne da zafi ba ya daɗewa a kanta. Abin da ya dace da ita baji ne mai ɗinki layi biyu, nesa da inda ake kamawa. Bugun manne ya dace da rigunan yawo 'yan kaɗan masu launi da yawa, amma kada dutsen guga ya hau shi kai tsaye. Daga dozin biyu zuwa sama, bugun sikirin ya fi araha da ƙarko. In dole sai rubutu ƙarami, bajin saƙa yana fitar da harafin da surfani ba zai iya ba.

Abu biyu da ke ɓata baji bayan an gama: farar riga da bilic ake wanke ta, zaren rayon kuma ba ya jure bilic, don haka a ce wa mai inji zaren foliyesta ake so. Sannan rigar auduga tana tsukewa a wankin farko, baji kuwa ba ya tsukewa, sai yadin ya tattare a kewayensa. A wanke riga kafin a ɗinka.

Allon ƙofa nasa lissafin dabam: kowane mita 3 na nisa yana son harafi mai tsayin santimita 2.5. In daga mita 30 mai babur zai hango, harafin suna ya kai santimita 25. Suna, fannin da ake koyarwa, lambar waya ɗaya. Fleks, wato ledar da ake buga talla a kai, a ranar Kano ko Maraɗi ja ne ke fara koɗewa, ƙurar hunturu kuma tana cinye farin fili. Fenti a farantin ƙarfe ya fi daɗewa, kuma alama mai sauƙi mai fenti zai iya zana ta da hannu ba tare da ta sauya ba.

Wa zai zana, me za ka karɓa

Yin sa da kanka a manhajar zane ta Canva yana da sauri, amma sharuɗɗan Canva sun hana yi wa tambari rajista in an gina shi da zanen da ke rumbunsu, kuma wani a unguwa ta gaba zai iya ɗaukar zane iri ɗaya. Yaron shago ya iya manhajar CorelDraw, wadda ita ce yaren yawancin maɗaba'unmu, kuma in ka kai masa zanen da ka riga ka tsara a takarda zai fitar da shi da kyau. In ka bar masa tunanin, intanet zai shiga. Ƙwararren mai zane ya fi tsada, araha kuwa ba ta ado, sai dai a tambaye shi ko ya taɓa yin aikin da aka kai ga zare, a kuma ga bajin da ido.

Ko wanene ya yi, kada a biya cikon kuɗi sai an karɓi fayil na fekta, wato CDR ko AI tare da PDF da SVG, wanda ake faɗaɗawa ba ya fashewa, kuma an mai da haruffansa zane don kada su sauya a wata kwamfutar. A haɗa da PNG marar bango, da kwafin baƙi zalla, da na fari zalla. Hoton JPG da aka turo ta WhatsApp ba tambari ba ne. Manhajar tana matse hoto, sai a tura shi a matsayin fayil. Mai monogiram zai sake tsara zanen ya zama ɗinki, yawanci fayil na DST. Ka biya wannan aikin sau ɗaya, ka karɓi kwafinsa. A kuma rubuta takarda cewa mai zane ya miƙa maka haƙƙin mallaka, domin doka a rubuce take son irin wannan miƙawa.

Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ba ta kare tambari. A Najeriya kariyarsa tana ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari. Rajistar aji-aji ce: aji na 41 shi ne na koyarwa da wasanni, aji na 25 na tufafi in za ka sayar da riguna. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa shekara 14. Nijar, Chadi da Kamaru suna ƙarƙashin OAPI, hukumar rajista ta haɗin gwiwa mai hedkwata a Yaounde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17 na shekara 10. Zoben Olamfik guda biyar, tambarin gwamnati, alamar Kukkiwon, babbar cibiyar taekwondo ta Koriya, ko ta wata hukumar wasa, kada ɗayansu ya shiga cikin naka. In kana da alaƙa da hukuma kuma ta ba da izini, a sa nata a gefe a takardar shaida.

Tun ran gini ran zane: kafin a ba da odar baji ɗari, a buga tambarin a takarda da faɗin santimita 9, da 4, da 1.5. A yi fotokwafin na santimita 4 baƙi da fari, a sake kwafar kwafin, haka takardar shaida za ta sha a hannun ɗalibai. A manna na santimita 9 a riga, a tsaya daga taku biyar, a sa wanda bai san sunan makarantar ba ya karanta. Sannan a sa mai inji ya yi baji guda ɗaya, a ɗinka a tsohuwar riga, a wanke ta sau biyar yadda iyaye ke wankewa, da bilic da shanya a rana. In harafi ya toshe, a rage kalmomi. In layi ya nutse, a ƙara masa kauri a fayil ɗin asali, a sake fitar da na DST daga gare shi.